Muryar Rayyis Jabir da Faifan da Kwamfuta Ta Daina Gani

Akwai wani injiniyan kwamfuta a unguwarmu ta Bahari, nan Iskandariyya, mai suna Hazim. Matashi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ya san da hakan. A kamfanin da yake aiki, na'urori sama da ɗari biyu ne ke ƙarƙashin kulawarsa. A unguwa kowa Bashmuhandis yake ce masa, wato babban injiniya. In ka manta ka kira shi Hazim kawai, sai ya yi kamar bai ji ba.

Mahaifinsa, Rayyis Jabir, ya shekara arba'in yana sassaƙa jiragen kamun kifi a bakin ruwan Anfushi. Mutum ne da Allah ya ba murya. In ya yi kira daga wurin aikinsa, masuntan da suka riga suka yi nisa a cikin ruwa sai sun waiwayo.

Shekara huɗu da suka wuce likitoci suka gano ciwon daji a maƙogwaronsa. Suka ce in ana son ransa, dole a cire inda muryar ke fitowa. Suka ba shi kwana goma ya shirya.

Rayyis bai yi ƙorafi ba. Ya ari kwamfutar tafi-da-gidanka ta 'yarsa Sausan, ya ce ta nuna masa inda ake dannawa a ɗauki magana. Kullum da hantsi sai ya rufe ɗaki, ya yi ta magana shi kaɗai.

Da ya gama, ya raba maganganun gida-gida. Akwai na matarsa. Akwai na ranar auren Sausan, wanda aka kunna a bikinta har maza suka yi ta share ido. Sai guda ɗaya da ya sa aka rubuta a kansa: "Na ɗan Hazim ko 'yarsa. Kada a buɗe sai ranar suna."

Aiki ya yi kyau, Rayyis ya tashi. Amma tun daga ranar, da ɗan littafi da biro yake magana, suna nan kullum a aljihun jallabiyarsa.

Sau da yawa Sausan takan ce wa yayanta, "Hazim, don Allah ka kwafe muryar Baba ka ajiye a wani wurin. Kwamfutar nan ta tsufa."

Shi kuma ya ce, "Ni za ki koya wa ajiyar bayanai? Zan yi in na samu sarari."

Sararin bai samu ba. Kwamfutar ta koma saman sif, kusa da tagar da ke kallon teku, ta yi kusan shekara uku a wurin.

Ranar wata Juma'a matar Hazim ta haifi 'ya mace. Suna ya kama Alhamis. Ranar Litinin bayan la'asar, Rayyis ya yago takarda ya miƙa wa ɗansa. Kalma uku ce a jiki: "Ka duba muryata."

Hazim ya sauko da kwamfutar, ya hure ƙura, ya jona caja, ya danna. Fitila ta kawo, fanka ta juya. Sai allon ya yi baƙi, da ɗan rubutu fari a kusurwa yana cewa ba a ga faifan ajiya ba.

"Ƙaramin abu ne," in ji shi. "Minti biyar."

Ya shiga saitin farko na na'urar, inda take lissafa duk abin da ke jikinta. Gurbin faifan babu komai. Ya mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani, ya sake kunnawa. Babu. Ya tayar da ita da filas, ya nemi faifan ta can. Babu. Ya kwance bayanta, ya zare faifan, ya hure bakinsa, ya mayar ya danna sosai. Rubutun nan dai shi ya sake fitowa.

Rayyis yana zaune a kujera yana kallon hannun ɗansa.

Washegari Hazim ya tafi da faifan ofis. Ya saka shi a akwatin da ake jona faifai ta waje, ya gwada a kwamfuta uku. Duk abu ɗaya ne. Faifan ya fara juyawa, ya yi ƙas, ƙas, ƙas a hankali, sai ya yi shiru. Ya kira wani kamfanin ceto bayanai a Alƙahira. Suka ce ya aiko, mako biyu, kuma ba su yi alkawarin komai ba.

Ranar Laraba da safe Sausan ta zo gidan ta tarar da shi a teburin cin abinci, ya shimfiɗa farin tawul, ya jera ƙananan sukundirebobi. Idonsa ya faɗa.

"Me za ka yi?"

"Buɗe shi zan yi. Na ga yadda ake yi. Wataƙila hannun da ke karantawa ne ya maƙale, in na ɗan ture shi zai tashi."

"Ba kai ka taɓa ce mini in ƙura ɗaya ta shiga cikinsa ya gama ba?"

"Ya riga ya mutu, Sausan. Matacce ba ya tsoron ƙura."

Bai san mahaifinsu yana tsaye a bakin ƙofa ba. Tsohon ya matso, ya ɗora hannu a kan faifan, ya zaro littafinsa ya rubuta suna ɗaya: "Teriza."

Hazim ya yi wata 'yar dariya. "Tanti Teriza? Baba, matar nan rediyon masunta take gyarawa. Ni fa shekara biyar na yi a jami'a ina karanta abin nan. In ni na kasa, ita da me za ta iya?"

Rayyis ya ja layi biyu a ƙarƙashin sunan. Ya naɗe faifan a hankicinsa, ya sa a aljihu, ya kama hanyar matakala. Hazim ya tsaya kaɗan, sannan ya kwashi tasa kwamfutar da akwatin jona faifai ya bi shi, yana ta ƙunƙuni.

Shagon Tanti Teriza yana bayan kasuwar kifi, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Kirista ce, ta haura saba'in. Tun tana amarya take zama kusa da mijinta yana gyaran rediyon jirage da na'urar gano kifi, da ya rasu ta gaji kujerarsa. Babu jirgi a Anfushi da hannunta bai taɓa wayoyinsa ba.

Ta ɗago daga kan wani rediyo da take liƙa wa dalma. "Maraba da Rayyis. A'a, yau har da Bashmuhandis a shagonmu? Ko teku ta ƙafe?"

"Ina kwana, Tanti," Hazim ya faɗa a taƙaice.

"Barka da samun ƙaruwa. An ce mace ce. Allah ya sa ta ɗauko hancin uwarta, naku na gidan nan ya ishi unguwa."

Kafaɗun Rayyis suka girgiza, haka yake dariya yanzu. Ya warware hankicin, ya rubuta mata abin da ke ciki. Ta karanta, fuskarta ta canja. Ta ture rediyon gefe, ta share teburin da tsumma.

Hazim ya fara bayani da manyan kalmomi. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "To, na ji. Jona shi in ji daga bakinsa."

Ya jona. Ta ɗora tsinin sukundireba a bayan faifan, ta kara mariƙin a kunnenta, ta lumshe ido. Faifan ya juya, ya yi ƙas, ƙas, ƙas.

"Zare."

Ya zare.

"Tun Litinin sau nawa ka kunna shi?"

"Ban ƙirga ba. Kamar talatin."

"Allah ya shirye ka, ɗana. Mara lafiya yana kwance, kana ta tashinsa ya yi maka gudu." Ta ajiye sukundireban. "Injinsa lafiya lau yake tashi. Ban ji ƙarar karce ba, da na ji da na ce ku yi haƙuri. Abin da na ji, hannun yana fita nema, yana dawowa, yana sake fita. Kamar ɗan aike ne da yake zuwa da saƙo a ƙi buɗe masa ƙofa. A ina aka ajiye kwamfutar?"

"A saman sif."

"Wane ɗaki?"

"Na gaba. Mai tagar teku."

Ta kalli Rayyis, Rayyis ya kalle ta. Ya rubuta kalma ɗaya ya juya mata littafin: "Gishiri."

Ta kife faifan. A ƙarƙashinsa akwai ɗan koren allo mai ɗauke da ƙananan kayan lantarki. Ta zaɓi wani siririn sukundireba ta fara kwance shi.

Hazim ya miƙo hannu. "Tanti, ki yi hankali. Wannan ba rediyo ba ne."

"Na sani," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Murfin sama ba zan taɓa ba, can ba hurumina ba ne, kuma ba naka ba ne. Amma wutar da ke bin rediyo ita ke bin wannan. Iskar da ke cin wayoyin jirgi kuma ba ta tambayar ko abu ya yi jami'a."

Ta ɗaga allon a hankali, ta juya shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta daɗe tana kallo. Sannan ta matsa gefe. "Zo ka gani."

Hazim ya sunkuya. A gefen allon akwai layi biyu na ƙananan ɗigo-ɗigon ƙarfe, kowanne bai kai ƙwayar riɗi ba. Nan ne allon ke taɓa jikin faifan, ta nan duk wata magana ke wucewa tsakaninsu. Ya kamata su yi ƙyalli kamar zinariya. Sun yi baƙi ƙirin, wasu har da kore-kore.

Kwana uku yana riƙe da faifan nan a hannunsa, bai taɓa tunanin ya leƙa ƙarƙashin allon ba.

Ta ja aljihun tebur ta ciro farin magogin fensir, irin na 'yan makaranta, wanda ya riga ya cinye rabi.

"Da wannan?" in ji Hazim.

"Da wannan. Amma ka ji ni da kyau, ban yi maka alkawari ba. Wani lokaci ciwon nan ne kaɗai, wani lokaci akwai wani a ciki. In na ciki ne, sai Alƙahira da mako biyunsu."

Ta fara gogawa. Ɗigo ɗaya bayan ɗaya, ba ta dannawa, ba ta sauri. In ta goga kaɗan sai ta hure, ta duba a gilashi, ta koma. Wani masunci ya leƙo neman rediyonsa, ta ce ya dawo bayan azahar. Hazim ya duba agogo, ya sake dubawa.

"Tanti, ko in karɓa in ƙarasa? Hannuna ya fi sauri."

"Saurin ne ya kawo ka nan. Zauna."

Ya zauna a kan wani akwatin batir. Daga inda yake yana hango ɗigon suna fitowa ɗaya-ɗaya daga cikin baƙin, suna ɗaukar hasken fitila.

Da ta gama, ta jiƙa auduga da sifirit ta share wurin, ta ajiye allon a kan takarda. Ta aika a kawo shayi uku daga gidan shayin da ke kallonsu.

"Ba za mu gwada ba?"

"Sai ya bushe. Sha shayinka."

Hazim ya ce mini daga baya, a rayuwarsa bai taɓa shan shayin da ya kai wannan tsawo ba.

Ta mayar da allon, ta ɗaure kowane noti daidai da ɗan'uwansa. Ta tura masa faifan. "Bismillah, kamar yadda kuke cewa. Jona."

Ya jona. Faifan ya fara juyawa. Su uku suka kasa kunne suna jiran ƙas ɗin nan. Ba ta zo ba. Sai wani siririn sauti mai santsi, yana tafiya bai yanke ba. Can kwamfutar ta yi 'yar ƙara, gidan ajiyar bayanan faifan ya bayyana a allo, da sunan da Sausan ta sa masa tun tana ɗaliba.

Hazim ya kai yatsa zai danna ya ji ko muryar tana nan, Tanti Teriza ta buge masa hannu.

"Ba yanzu ba. Wanda aka tsamo daga ruwa ba a tsayar da shi hira. Kwafe tukuna, kuma ka fara da abin da ya kawo ku."

Ya ja gidan muryoyin zuwa tasa kwamfutar. Layin da ke nuna yadda kwafewar ke ci gaba ya fara tafiya a hankali. Ya kai rabi ya tsaya. Rayyis ya zaro carbinsa. Tanti Teriza ta haɗa yatsunta a kan tebur, leɓenta na motsi da tata addu'ar. Layin ya motsa, ya ja jiki, ya ja jiki, har ya cika.

Kowane saƙo ya fito, ba wanda ya ɓace.

"Yanzu ɗauki sauran," ta ce.

Ya fara kwashe hotunan Sausan na makaranta. Sun kai kamar kashi ɗaya cikin uku, sai suka ji ƙas. Ƙas, ƙas. Gidan ya ɓace daga allo. Sautin ya yi ƙasa har ya ɗauke.

Hazim ya sake jonawa sau ɗaya. Faifan bai ko juya ba.

Tanti Teriza ta ɗauki faifan, ta juya shi a tafin hannunta. "Ashe akwai na cikin ma. Ɗan ƙarfin da ya rage masa ke nan." Ta kalli Hazim. "Da ka ƙara masa kunnawa biyar a gida, ko ka ɗaga murfin nan da safe, da ba mu samu ko wannan ba."

Hazim ya miƙe a hankali. Ya zagaya teburin, ya sunkuya ya sumbaci kan tsohuwar. "Ki yafe mini, Tanti. Na faɗi magana a kanki a gida, ban san abin da nake faɗa ba."

"Ai ba sai ka gaya mini ba, fuskarka ta faɗa tun daga bakin ƙofa. Ilminka na gaske ne, ɗana, ni ban san rabin abin da ka sani ba. Kunne ne kawai ba ka ba shi ba. Tafi ka ajiye abin nan wuri uku kafin ka ci abinci."

Rayyis ya rubuta mata: "Gobe bayan la'asar. In ba ki zo ba, ba za a kunna ba."

Ranar Alhamis gidan ya cika. Aka kwantar da jaririyar a cikin rariya da aka ƙawata, kamar yadda al'adarmu ta ranar suna take, aka sa mata suna Farida. Wata gwaggo tana buga turmin tagulla a kusa da ita tana yi mata hudubar ta ji maganar uwarta, kada ta ji ta ubanta, mata suna dariya. Tanti Teriza tana zaune kusa da maijego, da baƙar rigarta ta fita unguwa.

Da hayaniya ta lafa, aka ɗora Farida a cinyar kakanta. Hazim ya jona lasifika, ya danna.

Aka ji ɗan tari, da ƙarar kujera. Sannan muryar ta fito, cikakkiya, mai kauri, kamar mai ita bai taɓa yin shiru ba.

"Assalamu alaikum. Ban san ko kai ne ba, ko ke ce. Zuciyata dai tana ce mini ke ce, in na yi kuskure ka yafe wa tsoho."

Matar Rayyis ta rufe bakinta da mayafi.

"Ni ne kakanki Jabir. In Allah ya ja kwanana, za ki taso ki ga wani tsoho a gidan nan da ba ya magana. Kada ki ɗauka fushi yake yi da ke. Maganar ce aka karɓa, shi ya sa na ɗebi kaɗan na ajiye miki tun kafin ki zo. Ubanki yaron kirki ne, yana da ilmi, sai dai akwai gaggawa. Ki yi haƙuri da shi yadda na yi."

Ɗakin ya ɗauki dariya, mutane suna yi suna share hawaye. Hazim ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"To, matso da kunnenki."

Sai muryar ta ɗaga da kiran salla, irin wanda ake yi wa jariri. Ta fita ta taga ta sauka titi. Mai sayar da burodi a ƙasa ya tsaya da kwandonsa a ka. Wasu tsofaffin masunta biyu da ke zaune a gidan shayi suka ajiye kofunansu suka ɗaga kai, don sun gane mai ita.

Rayyis Jabir ya sunkuya ya kai bakinsa daidai kunnen dama na jikarsa. Leɓensa yana tafiya tare da muryar, kalma da kalma, bai riga ta ba, bai bar ta ta wuce shi ba. Duk wanda yake ɗakin nan zai rantse maka daga bakinsa take fitowa.

Farida ta buɗe ido ta tsura masa har aka kai ƙarshe.

Darasi: Kada ka yanke wa abu hukuncin mutuwa don kawai ya gagare ka, kuma kada takardar shaidarka ta hana ka zama a gaban wanda shekaru suka koyar. Abin da gaggawa ta kusa hallakawa a kwana uku, haƙuri ya ceto shi da magogin fensir. Sannan duk abin da ba za ka iya sake samun irinsa ba, muryar iyaye ce ko hotonsu, kwafe shi yau, kada ka jira sarari. Ka tura wannan labarin ga wanda ka san yana ta cewa "zan yi gobe", wataƙila kai ne sanadin da zai tsira da nasa.